Hawan Jini: Rigakafinsa Yana Farawa Daga Tukunya da Tsakar Gida

A da, mutanen karkara sukan ɗauki hawan jini a kan ciwon alhazan birni, masu cin nama da maiƙo. Yau kuwa, a Tasawa da Mayahi da ƙauyukansu, da wuya a sami wanda bai san wani mutum da ya kwanta lafiya ya tashi da shanyewar ɓarin jiki ba. Sau da yawa akan ce iska ce ta buge shi, ko kuwa sammu aka yi masa. Alhali ciwon ya daɗe a jikinsa, bai dai nuna alama ba.

Zuciya tana tura jini cikin jijiyoyi kamar yadda injin ban ruwa yake tura ruwa cikin tiyo. Idan ƙarfin turawar ya yi yawa shekara da shekaru, sai zuciya ta gaji, ƙoda ta lalace, ko wata jijiya ta fashe ko ta toshe a ƙwaƙwalwa. Idan an auna mutum a ranaku dabam-dabam aka sami 140 bisa 90 ko fiye, to yana da hawan jini. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin manya uku a duniya, ɗaya yana da wannan ciwo, kuma kusan rabin masu shi ba su sani ba.

Gishiri, dunƙule da kanwa

Babban abin da ke hannunmu shi ne gishiri. Abin da ya dace da babban mutum a yini ɗaya bai kai giram 5 ba, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda, duk da wanda ke cikin miya da wanda ke cikin yaji da kilishi. To, dubi yadda ake miya a gidajenmu yanzu. A zuba gishiri, a marmasa dunƙule biyu ko uku, a kawo garin ɗanɗano a ƙara. Dunƙulen nan na Maggi da ire-irensa, kusan rabinsa gishiri ne. Ke nan an sa gishiri sau biyu a tukunya ɗaya.

Iyayenmu mata sun yi miya mai daɗi tun kafin dunƙule ya zo kasuwa. Da daddawar kalwa suke yi, ko daddawar batso ta ƴaƴan yakuwa, da albasa da tafarnuwa da citta da busasshen tumatir. Ba a ce a daina gishiri a rana ɗaya ba, domin maigida zai ture akushi. A rage kaɗan-kaɗan, harshe yakan saba cikin ƴan makonni. Wanda za a sa kuma ya zama mai sinadarin ayodin, saboda shi ke hana maƙoƙo.

Sai batun kanwa, wadda mutane da yawa ba su lissafa ta cikin gishiri, ga shi kuwa sinadarin da ke tayar da jini a gishiri yana cikinta. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego waɗanda ke shan kunun kanwa da yawa suna kwanciya a kan gado mai wuta. Mai jego tana buƙatar kunu, amma na gyaɗa ko na tsamiya ya fi mata. Haka kuma wake: idan an jiƙa shi tun da dare, da safe zai nuna da wuri, ba sai an jefa kanwa mai yawa ba, ga kuma sauƙin itace.

Hatsi abinci ne mai kyau, kada kowa ya raina furarsa don ya ga shinkafa da taliya a shago. Sai dai yawan surfe yana tafiya da amfaninsa cikin dusa, a ba akuya, mutum ya ci saura. Abin da tuwo yake nema shi ne abokin tafiya: wake, gyaɗa, nono, da ganye irin su zogale, rama, tafasa, yaɗiya da kuka. Mace mai gamana ta ware gefe ta shuka rama da yakuwa, ta shanya ganyen a inuwa, ta adana don bazara. Gyaɗar da ta yi funfuna ko take ɗaci, a zubar da ita, domin tana ɗauke da dafi mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe shi.

Wane ne ke buƙatar motsa jiki?

A nan sai an yi gaskiya. Matar ƙauye da ta tashi tun asuba ta yi daka, ta ja guga a rijiya mai gaba da yawa, ta ɗauko itace, ta kai fura gona, ba wanda zai ce mata ta je ta motsa jiki. Hutu take buƙata. Injin niƙa, da amalanken ɗauko ruwa, da murhu mai tsimin itace irin Mai Sauƙi ko Albarka, duk magani ne a gare ta. Maigidan da ya ɗauko mata itace a amalankensa bai rage komai daga girmansa ba.

Masu buƙatar motsi su ne masu wuni a zaune: mai shago, tela, ma'aikaci, ɗan kabu-kabu, matar da ba ta fita, da samarin fada waɗanda ke wuni gaban butar shayi, kowane zagaye da sukarinsa. Har manomi ma, in an gama girbi, yakan yi wata da watanni a gindin bishiya yana dara. Abin da ake so shi ne minti 150 a mako, misali tafiya da sauri ta minti 30 a kwana biyar, da sanyin safiya ko bayan la'asar. A je masallaci da kasuwa a ƙafa, a bar babur ya huta. Samari ga ƙwallo, ga langa, ga kokowa.

Damuwa

Yawan tunani yana hana barci, yana sa zuciya bugawa da sauri, kuma in ya daɗe yana taimaka wa hawan jini. Dalilansa ba ɓoyayyu ba ne: rumbu ya ƙare tun damina ba ta faɗi ba, maigida ya tafi cin rani shiru ba aike, ga bashin biki. Wanda ya ga yunwar 2005 a jihar Maraɗi ya san nauyin wannan zullumi. Abin da ke rage shi shi ne miji da mata su zauna tun da kaka su ƙidaya damman da suka samu, su san na ci da na iri da na sayarwa. Asusun mata irin na Mata Masu Dubara, wanda ya faro a jihar Maraɗi a 1991, ya ba mata da yawa wurin ajiya da rance, ya kuma ba su wurin da za su faɗi abin da ke ransu. Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu, mutum ba ya ci, ba ya barci, ba ya son magana, a raka shi gidan likita. Ciwo ne, yana da magani.

Duk babban mutum ya kamata ya je a auna jininsa ko da sau ɗaya a shekara, ko ba ya jin komai. Mai ciki kada ta fasa awo, kuma in ta ga fuska da hannu sun kumbura, ga ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi, ta tafi likita a ranar. Wanda aka ɗora a kan magani ya riƙa sha kullum yadda aka faɗa masa. Kada ya daina don ya ji sauƙi, kuma in ya kusa ƙarewa ya koma ya karɓo wani tun da sauran na kwana biyu ko uku.