Ciyaman, Minista, Bishop: Mene Ne Asalin Sunayen Shugabanninmu?

Duk wanda ya taɓa halartar bikin keɓe sabon ɗakin sujada ko taron tara gudunmawa ya san yadda ake yi. Tun kafin addu'ar buɗewa, mai gabatarwa zai ɗauki takarda ya shiga jero manyan baƙi: Ciyaman na taro, mai girma Kwamishina, Darakta, Rabaran Dakta wane, Babban Sakatare. In ya kuskura ya tsallake laƙabin wani, nan take za ka ga fuska ta murtuke, wani lokaci ma kuɗin da aka zo da shi ya koma gida cikin aljihu. Mun sha ganin haka, mu kanmu kuwa ba mu kuɓuta ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu binciki waɗannan sunaye na Turanci da muke rububi a kansu, mu ga daga ina suka fito, da abin da suke nufi tun asali.

Kafin zuwan Turawa muna da namu sunayen: sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa, har da sarkin noma da sarkin kasuwa. Da Lugga ya ci Kano da Sakkwato a shekarar 1903, sai sababbin sunaye suka shigo, bakin Bahaushe kuma ya lanƙwasa su yadda ya ga dama. Ta haka muka sami Razdan da Di'o da Joji da En'e. Barikin soja ya ba mu kofur da sajan da samanja da hafsa, makaranta ta ba mu hedimasta, kamfani ya ba mu manaja. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 shi ya kai sunan ciyaman har ƙauyen da ba a jin Turanci ko kaɗan. Yau ko ƙungiyar 'yan acaɓa tana da ciyaman, haka ma kwamitin gini na ikkilisiya.

To, abin mamaki shi ne, da yawa cikin sunayen nan ba Turancin asali ba ne. Su ma Turawan Ingila aro suka yi daga Latin da Girkanci da Faransanci, kuma a can tushe sunayen aiki ne, ba na sarauta ba. Kalmar minista a Latin bara take nufi, ta fito ne daga kalmar da ke nufin ƙarami. Sajan ma haka, ma'anarsa mai yin hidima. Gwamna tun fil azal matuƙin jirgin ruwa ne, wanda in ya yi gyangyaɗi kowa ya halaka. Manaja ya samo asali daga kalmar Italiyanci ta sarrafa doki da hannu. Sakatare shi ne wanda aka amince ya riƙe asiri. Ciyaman kuwa ba kome ba ne illa mutumin da aka ba kujera domin ya tsara wa zai yi magana bayan wa. In taro ya watse, aikinsa ya ƙare.

Akwai ɗaya da ta fi ba mu sha'awa, wato kalmar Lord, wadda Turawa ke kiran manyan fadawansu da ita, kuma da ita suke kiran Mai Cetonmu. A tsohon Turanci ma'anarta mai tsaron gurasa, wato wanda mutanen gida ke ci daga hannunsa. Ashe ba ta yi nisa da tamu ba, gama Ubangiji uban gida ne, mai ciyar da iyali. Haka kuma jagora, wanda ke jan gorar makaho. Ba ya tafiya da sauri fiye da wanda yake ja, in kuwa ya saki gorar ya tashi daga jagora.

Mu zo cikin gida. Fasto a Latin makiyayi ne. Mu da muke zaune kusa da Fulani mun san makiyayi ba ya kwana a ɗaki dabbobinsa suna daji, kuma ya san kowace saniya da sunanta. Bishop daga Girkanci yake, ma'anarsa mai kula, ko mai duba. Dikon mai hidima ne, kuma tun dā ikkilisiya tana danganta wannan aiki da mutum bakwai ɗin nan na Ayyukan Manzanni sura 6, waɗanda aka zaɓa domin rabon abinci ga gwauraye. Fada, yadda 'yan'uwanmu na Katolika ke kiran firist, uba ne kawai. Shi kuwa Rabaran ba sunan aiki ba ne sam. Siffa ce, ma'anarta wanda ya cancanci a girmama. Abin tambaya shi ne, takardar naɗi ce ke kawo cancantar, ko kuwa hali?

Tarihinmu yana da misali. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama bawa yana yaro aka kuma 'yantar da shi, an naɗa shi bishop a Kantabari a shekarar 1864, Baƙar fata na farko da ya sami wannan matsayi a ɗarikar Angilikan. Naɗin bai zaunar da shi wuri ɗaya ba. Ya ci gaba da hawa da gangara Kogin Kwara cikin jirgi yana duba tashoshin bishara a Lakwaja da Anaca, yana kuma aikin fassara, har ya rasu a 1891. Sunan ya ce mai duba, shi kuwa ya duba.

Kada a ce muna ƙin sunaye. Kowace ƙungiya tana bukatar tsari, girmama na gaba kuma wajibi ne a addini da al'ada. Abin da muke tsoro shi ne suna ya yi ƙiba aiki ya rame. Mun ga ikkilisiyoyin da zaɓen ciyaman ya raba gida biyu, aka koma ƙidaya ƙabila maimakon duba hali, har waɗansu suka daina gaisawa a bakin majami'a. Matasanmu suna kallo, kuma abin da babba ya yi shi yaro ke kwaikwayo. A Markus sura 10, sa'ad da Yakubu da Yohanna suka nemi kujerun dama da hagu, Yesu ya nuna wa almajiransa cewa a cikinsu hanyar girma ita ce bauta wa saura. A Yohanna sura 13 kuma shi da kansa ya ɗauki tawul ya wanke ƙafafunsu.

Saboda haka, 'yan'uwa, in lokacin zaɓe ya zo, ko na dattawa, ko na zumuntar mata, ko na matasa, mu mai da kowane suna Hausa kafin mu ɗaga hannu. Wannan da muke so ya zama sakatare, yana riƙe asiri? Wannan dikon, ya san ƙofar gidan gwauruwa? Wannan fasto, in tunkiya ɗaya ta ɓace zai fita nema? Wanda aka zaɓa kuma ya tuna da maganar iyayenmu, babba juji ne, kowa ya kwaso shara a kansa zai zuba. Wanda ba zai iya ɗaukar sharar ba, kada ya nemi kujerar.

Ubangiji ya ba mu shugabanni masu cika sunansu. Amin.