Yadda Ake Koyon Haƙa Rijiyar Man Fetur a Jami'a

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin masu haƙa rijiyar burtsatse sun zo gari. Sukan zo da babbar mota mai dogon ƙarfe a bayanta. Su tayar da ƙarfen tsaye, su tona ɗan rami a gefe, su kwaɓa laka a ciki. Daga nan sai inji ya kama juya bututu, bututun yana nutsewa cikin ƙasa. Bayan kwana biyu ko uku sai ga ruwa.

To, jama'a, kusan haka ake haƙa rijiyar man fetur. Dabarar ɗaya ce. Inda suka bambanta shi ne zurfi da kuma haɗari. Rijiyar gida da ake ginawa da dagi takan tsaya a gaba 10 ko 20. Burtsatse takan fi haka zurfi. Amma rijiyar mai ta Kolmani, wadda kamfanin NNPC ya haƙa a 2019 a kan iyakar jihohin Bauchi da Gombe, ta kai ƙafa 13,701. Watau ta haura gaba 2,000, ta wuce kilomita 4. Da a kwance take, sai mutum ya yi kusan awa guda yana tafiya kafin ya kai ƙarshenta.

Aiki irin wannan ba a yinsa da ka. Shi ya sa ake karanta shi a jami'a. Wanda ya karanta shi ana ce masa injiniyan haƙa rijiyar mai. Bari mu duba abin da ake koya masa.

Ina man yake?

Abu na farko da ɗalibi zai cire daga ransa shi ne wai akwai wani tafki ko kogin mai a ƙarƙashin ƙasa. Babu. Ɗanyen mai yana maƙale ne a cikin 'yan ƙananan kafofin dutse, kamar yadda soso yake riƙe ruwa. Yawanci dutsen rairayi ne da ya dunƙule tun shekaru miliyoyi. A samansa kuma akwai wani dutse mai toshi wanda ya rufe shi kamar murfi, ya hana man tserewa.

Masu ilimin duwatsu su ne suke nuna inda ake zaton akwai mai. Sukan aika da ƙara cikin ƙasa, su saurari yadda take dawowa, su zana taswira. Amma taswira zato ce kawai. Sai an huda ƙasa an kai wurin za a tabbatar. Sau da yawa akan kashe kuɗi masu ɗimbin yawa a tarar babu komai. A yankin Tafkin Cadi na jihar Borno an haƙa rijiyoyi fiye da 20 a shekarun 1980 da 1990, ba a samu man da za a sayar ba.

Kayan aiki

Ana koya wa ɗalibi sassan injin haƙa ɗaya bayan ɗaya. Akwai doguwar hasumiyar ƙarfe mai kwarkwaro da igiyar waya, ita ke ɗaga bututu tana sauke shi. Akwai injin da ke juya bututun. Akwai manyan famfuna. Akwai kuma injinan wuta da ke tafiyar da su duka dare da rana.

Kowane bututun haƙa tsawonsa kamar mita 9 ne. Ana ɗaura wani a kan wani, kamar yadda ake murɗa murfin kwalba. Rijiya mai zurfin mita 3,000 tana bukatar bututu fiye da 300.

A ƙarshen bututun can ƙasa akwai bakin haƙa. Shi ne yake cin dutse. Wani iri yana da dunƙulen ƙarfe uku masu haƙora da ke mirginawa suna farfasa dutsen. Wani irin kuma an jera masa lu'ulu'un da aka ƙera a masana'anta, yana kankare dutsen kamar yadda kafinta yake goge katako. Idan bakin ya dakushe, sai an zaro bututun nan duka kafin a sauya shi. Wannan kaɗai yana iya cin yini guda. Saboda haka zaɓen bakin da ya dace da dutsen da za a ci darasi ne mai zaman kansa.

Laka ita ce uwar aikin

Wani zai yi mamaki a ce ɗan jami'a yana shiga ɗakin gwaji don ya koyi kwaɓa laka. Gaskiya ne kuwa, kuma a ganinmu duk karatun babu darasin da ya kai wannan muhimmanci.

Famfo yana tura lakar ta cikin bututu har ƙasa. Sai ta fito ta bakin haƙa, ta biyo bayan bututun ta dawo sama. A tace ta, a sake tura ta. Haka take ta kewayawa. A cikin wannan tafiya tana yin ayyuka da dama. Tana kwaso garin dutsen da aka fasa, watau ita ce gugan da ke fitar da ƙasa. Tana sanyaya bakin haƙa. Tana kuma yaɓe bangon ramin don kada ya rufta. Masu burtsatse ma abin da ya sa suke kwaɓa laka ke nan.

Amma babban aikinta a rijiyar mai shi ne danne abin da ke ƙasa. Ku ɗauki misalin kwalbar lemo da aka girgiza. Muddin murfi yana kai, lemon yana zaune lafiya. Da zarar an cire murfin sai ya yi tsiri. Mai da iskar gas da ke can ƙasa haka suke a matse. Mai haƙa rijiya kuwa murfin nan yake hudawa. To, me zai hana su tasowa? Nauyin lakar da ta cika ramin, shi ne sabon murfi.

Ga yadda lissafin yake. Idan aka cika rami mai zurfin mita 10 da ruwa, ruwan yana danna kowane wuri mai faɗin farcen ɗan yatsa da nauyin kilo 1. Idan zurfin ya kai mita 3,000, nauyin ya zama kilo 300. Kamar a ɗora buhun siminti 6 ne a kan farce ɗaya. Yanzu a ce gas ɗin da ke wannan zurfi yana tunkuɗowa da ƙarfin kilo 360. Ruwa zalla ba zai danne shi ba. Dole a ƙara wa ruwan nauyi. Jarka mai lita 25 idan ruwa ne a ciki kilo 25 take. Lakar da za ta yi wannan aiki sai jarkarta ta kai kilo 30, har a ɗan ƙara don tsaro.

Da me ake ƙara nauyin? Ana zuba wani irin yumɓu mai kumbura a ruwa don lakar ta yi kauri. Sannan a zuba garin wani dutse mai suna barayit, wanda ya fi ruwa nauyi sau huɗu. Ana samun wannan dutse a ƙasarmu, a Azara ta jihar Nasarawa da kuma wasu wurare a Binuwai da Taraba.

Wani zai ce, to me zai hana a yi ta zuba garin dutsen har lakar ta yi nauyi sosai, kowa ya huta? Nan ma akwai matsala. Idan laka ta yi nauyi fiye da kima, sai ta tsaga dutsen ta tsiyaye ciki. Ramin ya rage cika, murfi ya tafi, gas ya taso. Ke nan rashin nauyi haɗari ne, yawan nauyi ma haɗari ne. Injiniya yana tafiya ne a tsakanin waɗannan biyu, kuma a wasu rijiyoyin tazarar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Ga kuma zafi. Duk kilomita ɗaya da aka nutsa zafin ƙasa yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. A zurfin kilomita 3 zafin ya kai na tafasasshen ruwa. Dole lakar ta jure wannan ba tare da ta tsinke ba.

Ɗaure rijiya

Mai ginar rijiya a ƙauye ya san ba a barin rami haka nan a ƙasa mai rairayi. Sai an ɗaure shi da siminti ko dutse. Rijiyar mai ma haka. Idan an haƙa wani zango sai a tsaya, a zura babban bututun ƙarfe, a tura siminti ya cika tsakanin bututun da bangon ƙasa. Idan ya bushe sai a ci gaba da haƙa da ƙaramin baki. Shi ya sa rijiyar take da faɗi a sama, tana tsukewa tana yin ƙasa. Ta sama takan kai faɗin inci 20 ko 30, ta can ƙasa kuwa kamar inci 7.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu mutanen karkara. Bututun sama da simintinsa su ne suke raba rijiyar mai da ruwan da muke sha. Idan aka yi ha'inci a wannan aiki, mai da ruwan gishiri suna iya gurɓata rijiyoyin gari da gonaki. Duk garin da aka zo haƙa mai kusa da shi, mutanensa suna da ikon su tambayi yadda aka kare ruwansu.

Idan rijiya ta ƙwace

Ana koya wa ɗalibi alamun da ke nuna gas ya fara shiga rami. Babbar alama ita ce a ga lakar da ke dawowa ta fi wadda aka tura yawa. Ko kuma a kashe famfo, amma laka ta ci gaba da kwararowa. Da an ga haka sai a rufe bakin rijiya nan take. Akwai wata ƙatuwar na'ura da ake girkawa a bakin kowace rijiya don wannan. Tana da muƙamuƙan ƙarfe da ke kama bututu su toshe ramin. Idan abu ya ɓaci, har yanke bututun take yi. Bayan an rufe sai a lissafa sabon nauyin laka, a tura ta a hankali har rijiyar ta kwanta.

Sakaci a nan yana jawo asarar rai. A 1980 rijiyar Funiwa da ke teku kusa da gaɓar Neja Delta ta ƙwace, mai ya malala ya ɓata wuraren kamun kifi. A watan Afrilu na 2010 wata rijiya ta fashe a tekun Meksiko kusa da Amurka. Ma'aikata 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana zuba. Bincike ya nuna simintin ƙasan rijiyar bai toshe ba, an yi kuskuren fahimtar gwajin da aka yi, na'urar rufewa kuma ta kasa. Har yau ana karantar da ɗalibai wannan labari.

Akwai sauran darussa, kamar yadda ake karkatar da rijiya ta tafi a kwance a ƙarƙashin ƙasa, da yadda ake ciro ƙarfen da ya karye a rami, da lissafin kuɗin aiki, tunda hayar injin haƙa kullum ake biya.

Yaya yaro zai shiga?

An fara samun mai a Nijeriya a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu, a 1956. Tun daga nan yawancin aikin a kudu yake. Amma a Nijar an fara tace man Agadem a matatar Damagaram tun 2011. A watan Nuwamba na 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin Kolmani. Saboda haka wannan ilimi ya matso kusa da mu.

Hanyar tana farawa ne tun daga sakandare. Yaro ko yarinya su shiga ajin kimiyya. Ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da fizis da kemistiri. Waɗannan huɗun ne kuma ake rubutawa a jarrabawar JAMB. Lissafi shi ne ƙashin bayan karatun. Yaron da kuka ga yana son lissafi tun firamare, ku kula da shi, kada a cire shi daga makaranta lokacin damina.

Ana karanta injiniyancin man fetur a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi da Jami'ar Bayero ta Kano. A kudu akwai jami'o'in Ibadan da Benin da Fatakwal, da jami'ar man fetur ta Effurun kusa da Warri. Karatun shekara 5 ne. Shekarun farko lissafi da kimiyya ne, darussan haƙa sai daga baya suke zuwa. A shekara ta huɗu ɗalibi yakan yi wata 6 yana koyon aiki a wani kamfani. Wanda bai samu jami'a ba yana iya neman cibiyar horo ta PTI a Effurun, wadda ke ba da difloma. Akwai kuma hukumar PTDF da aka kafa a 1973, takan ba wasu ɗaliban wannan fanni tallafin karatu.

Sai dai a faɗa wa iyaye gaskiya. Takardar digiri ba ta nufin aiki yana jira. Masu gamawa sun fi guraben yawa, kuma idan farashin mai ya faɗi kamfanoni sukan rage haƙa. Aikin ma da wuya. Ana yin awa 12 a tsaye, a daji ko a tsakiyar teku, mutum ya yi mako biyu ko huɗu bai ga iyalinsa ba. Amma wanda ya iya lissafin laka da ɗaure rami da siminti, ko bai samu kamfanin mai ba, masu haƙa burtsatse da hukumomin ruwa na jihohi suna aiki da irin iliminsa.