Me ke fitar da masu hali daga New Bell?

A birnin Duwala na Kamaru, daga Bonapriso zuwa New Bell mutum zai iya takawa da ƙafa, amma tazarar da ke tsakaninsu ta wuce ta hanya. A Bonapriso akwai kwalta, da gidaje masu katanga, da makarantar Faransawa ta Dominique Savio. A New Bell kuwa, inda unguwar Hausawa take, lunguna ne matsattsu da magudanan ruwa da ke cika su tumbatsa duk damina.

Wannan bambanci da gangan aka shuka shi. A ƙarshen mulkinsu, Jamusawa sun ƙudiri ƙwace filayen bakin kogin Wuri daga hannun mutanen Duwala, su mayar da su can baya, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakanin Turawa da baƙar fata. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Wurin da aka ware wa mutanen Duwala ɗin, wato New Bell, sai baƙi suka cika shi: Bamileke, Basa, Yarabawa, da Hausawa fatake da mahauta. Suka gina gidaje a kan filin da ba su da takardarsa.

Matsalar takarda tana nan har yau. Dokar filaye ta 1974 ta sa takardar mallaka ta hukuma, wadda ake kira titre foncier, ita ce shaidar da ake dogaro da ita a Kamaru. Gidan gado da magada goma ke da haƙƙi a kansa, ba takarda, banki ba zai karɓe shi jingina ba. To, ɗan unguwa da Allah ya buɗa masa, ko likita ne ko ɗan kasuwa, me zai sa ya zuba miliyoyin sefa a nan?

Gwamnati kuwa ta buɗe masa ƙofar fita. A 1977 aka kafa MAETUR mai yanka filaye da Crédit Foncier mai ba da rancen gina gida, ga kuma kamfanin gidaje na SIC da ke nan tun 1952. Ƙarfinsu ya tafi ne sababbin unguwannin arewacin birni irin Bonamoussadi da Makepe. Ma'aikata suka bi fili mai takarda, suka bar tsakiyar gari. Shirin gidaje 10,000 na 2009 ma, a Duwala gefen gari aka kai shi, a Mbanga-Bakoko.

Sai makaranta. Magidanci zai jure cunkoso da ƙarar babura, amma ba zai jure ganin ɗansa a aji maƙil da yara ba. In ya tashi, da kuɗin makarantarsa yake tashi, da bakinsa da ake ji a taron iyayen yara. Birnin Kalamazoo na Amurka ya gane haka: a 2005 wasu attajirai suka yi alkawarin biyan kuɗin jami'a ga yaran da suka gama makarantun gwamnati na birnin, sai yawan ɗalibai ya ƙaru bayan shekaru yana raguwa. Ba kuɗin Kalamazoo a New Bell, amma akwai attajirai da suka saba gina masallaci. Makarantar Faransanci da Larabci mai ƙwararrun malamai, wadda yaranta ke cin jarrabawa, za ta riƙe iyalai fiye da kowace kwalta.

A ganina, New Bell ba ta buƙatar jawo mutanen Bonapriso, nata 'ya'yan za ta riƙe. Sai dai gyara yana da haƙora. Da aka sake tsara unguwar Nylon ta Duwala a shekarun 1980 da kuɗin Bankin Duniya, an rushe gidaje da dama don fitar da tituna. Kuma ranar da mai gida a New Bell ya samu takarda, ya ɗora bene, ɗan haya mai tura baro a kasuwar Marché Central shi za a fara ƙara wa kuɗin ɗaki.