Katantanwar Teku Mai Zanen Taswira: A Kalla da Ido, Kada a Taɓa

Mu da muka tashi muna murza katantanwa a dandali, hannu ba ya tsoron ɓawon dodon koɗi. To, wanda Allah ya kai gaɓar Bahar Maliya, ko a Jidda ko a Bur Sudan, ya kiyayi wani iri da masana ke kira Conus geographus.

Ɓawonsa dogo ne, ya tsuke ta gefe ɗaya kamar mazurari, tsawonsa kan kai santimita 15. Zanen ruwan ƙasa da fari da ke jikinsa ya yi kama da taswira, kuma kyawun nan ne ke jan hannun mutane. Yana zaune cikin yashi da duwatsun murjani a Tekun Indiya da Pasifik. Da dare yake farautar kifi. Shi da ba ya iya gudu, yaya zai kama kifi? Sai ya saki wani nau'in insulin cikin ruwa, sukarin jinin kifin ya faɗi, ya yi laushi, sannan ya harbe shi da haƙori mai kama da kibiya, cike da dafi.

Kibiyar nan tana huda safar hannu. Wani lokaci harbin ba ya ma zafi sosai, sai dai wurin ya mutu, leɓe ma ya fara mutuwa, gani ya dushe, gaɓoɓi su saki, daga nan numfashi ya gagara. A 1935 wani matashi ya ɗauki irinsa a tsibirin Hayman na Ostareliya, bai wuce sa'o'i kaɗan ba ya cika. Har yau dafin ba shi da makari. Abin mamaki, daga dafin ɗan'uwansa Conus magus aka samo maganin raɗaɗi mai suna Prialt, wanda Amurka ta amince da shi a 2004.

Idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotse. A naɗe gaɓar da bandeji da ɗan ƙarfi, a hana ta motsi, a garzaya asibiti. In numfashi ya tsaya, a riƙa hura wa wanda aka harba iska baki da baki har a isa ga na'urar numfashi, domin ita ke riƙe rai kafin dafin ya sake shi.

Ɓawon da ake zaton fanko ne sau da yawa mai gidan na ciki a ƙudundune. Iyaye, ku hana yara zuba irinsa a aljihu.