Ƙaramin zarton lantarki a shagon kafinta: abin da iyaye da masu koyon sana'a ya kamata su sani



Tun da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023, iyalai da yawa sun rabu da gonakinsu da jarinsu. Wasu sun taso daga Jazira bayan abin da ya faru a Wad Madani a Disambar 2023, wasu daga ƙauyukan Sinnar da Sinja a tsakiyar 2024. Wanda ba shi da gona dole ya nemi sana'ar hannu. Shi ya sa gidaje da dama suke kai samarinsu shagunan kafinta a Rusairis da Damazin. Wannan shawara ce mai kyau, domin sana'a dukiya ce da mutum yake tafiya da ita duk inda ya koma. Amma kafinta da yatsunsa yake cin abinci. A wannan fitowar za mu yi bayanin inji guda ɗaya da ake yawan rainawa a shago, wanda kuma saboda rainin ne ake fara ba sabon yaro shi.

Wane inji ne wannan?

Ƙaramin zarton lantarki ne da ake ɗorawa a kan tebur. A kasuwa za ku ji ana ce masa minsharin arkit. Da shi ake yanka lanƙwasa da zayyana: adon ƙofa, haruffan allon shago, furannin kan gado, kayan wasan yara. Yana da faranti na ƙarfe inda ake kwantar da katako, da hannu mai riƙe zarton daga sama. Zarton kansa siriri ne ƙwarai, tsawonsa kamar santimita 13. Ba ya juyawa irin na babban zarto mai da'ira. Sama da ƙasa yake yi kamar allurar keken ɗinki. A yawancin injuna yana iya yin haka daga sau 400 har fiye da sau 1,500 a minti ɗaya.

Gaskiya ne bai kai babban zarto haɗari ba. Ƙararsa kaɗan ce, kuma ba ya cilla katako da ƙarfi. Amma wannan shirun nasa shi ke sa mutum ya saki jiki. A wannan injin hannu yana zuwa kusa da zarto fiye da a kowane inji, domin da yatsu ake juya katakon a bi zane. Ƙarfen da ke yanka busasshen icen bagaruwa ba zai tsaya don ya taɓa nama ba.

Yadda rauni yake faruwa

Mafi yawan rauni ta hanyoyi huɗu yake zuwa, kuma kowace tana da maganinta.

Ta farko ita ce sa yatsa a kan layin yanka. Mai koyo yana tura katako da babban yatsansa daidai gaban zarton. Idan katakon ya tsage, ko zarton ya fito ƙarshen yanka ba zato, ƙarfin turawar ne zai kai yatsan ga haƙora. Ka'idar ita ce hannu ɗaya dama, ɗaya hagu, babu yatsa a kan layin da zarton yake bi. Idan guntun ya yi ƙanƙanta har yatsu za su matso, a manna shi a kan katako mafi girma, ko a tura shi da ɗan sanda.

Ta biyu ita ce tsallen katako. Haƙoran zarton dole su kalli ƙasa, domin a saukowa yake yanka, yana danne katakon a kan faranti. Idan aka ɗaura shi haƙora sama, zai riƙa ɗaga katakon yana bugawa, hannu kuma ya zame. Akwai ɗan ƙarfe mai kama da ƙafa da ke danne katako kusa da zarton. Wasu suna cire shi wai yana tare musu gani. Ga mai koyo, kada a cire shi. A sauke shi har ya kusa taɓa katakon.

Ta uku ita ce karyewar zarto. Siririn ƙarfe ne, kuma karyewa ɗabi'arsa ce. Yana karyewa idan ya yi sako-sako, ko ya dakushe, ko aka tura katako da gaggawa, ko aka murɗa shi a lanƙwasa mai tsanani. Guntunsa yana iya tashi ya sami ido, mai aikin kuma yana iya firgita ya fizge hannu ta inda bai kamata ba. A bar zarton ya ci da kansa, hannu jagora ne kawai. Idan katako ya fara baƙi ko ana jin ƙauri, zarton ya dakushe, a canza shi.

Ta huɗu ita ce taɓa inji yana da wuta. Wani zai kai hannu ya share dusar katako, ko ya zare guntun da ya maƙale, alhali zarton bai gama tsayawa ba. A kashe, a jira ya tsaya cak, sannan a share da buroshi. Idan za a canza zarto, kashe makunni bai isa ba. A zare fulogi daga bango, a ajiye shi inda mai aikin yake ganinsa.

Matsalar wuta a yankinmu

Madatsar ruwan Rusairis, wadda aka gama ginawa a 1966, tana kusa da mu, amma kowa ya san wuta tana ɗaukewa ta dawo ba sanarwa. Ga abin da wannan yake jawowa. Ana cikin yanka sai wuta ta tafi, injin ya tsaya, amma makunninsa yana nan a kunne. Yaro ya zo yana gyara katakon, ko yana wasa da zarton, sai wuta ta dawo. Yawancin ƙananan injuna nan take suke tashi. Don haka da wuta ta ɗauke, aikin farko shi ne kashe makunni da zare fulogi.

Wutar gida a Sudan volt 230 ce, kuma tana kisa. Kada a cusa tsirarar waya a soket a danne ta da tsinken ashana. Kada a naɗe wayar da ta goge da leda. Da damina, ƙasar nan mai laka tana riƙe ruwa, saboda haka a ɗaga wayoyi sama, kada a yi aiki da jiƙaƙƙen hannu ko ƙafa ba takalmi. Idan da janareta ake aiki, a ajiye shi waje, nesa da ƙofa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri, tana kashe mutum a rufaffen ɗaki. Kada a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi.

Tufafi, ido da numfashi

Hannun jallabiya mai faɗi, bakin rawani, mayafi, tasbaha a wuyan hannu, zobe, duk suna iya maƙalewa su ja hannu. A naɗe hannun riga har gwiwar hannu. 'Yan mata masu koyo su ɗaure ɗankwali tsaf, su cusa bakin mayafi cikin riga. Kada a sa safar hannu a wannan injin. Haƙoran suna kama zaren safar su ja yatsa, kuma mai safa ba ya jin katako yadda ya kamata.

Tabarau na kariya wajibi ne duk lokacin da injin yake aiki. Tabarau na rana ko na karatu ba su maye gurbinsa.

Dusar wannan zarton laushi gare ta kamar gari, kuma fuskar mai aiki tana kusa da ita. Tana sa tari, tana tayar da asma. Hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji tun 1995, musamman na cikin hanci, ga masu shaƙarta shekara da shekaru. Ƙurar allon MDF da ta ablakash tana haɗe da gam ɗin da aka manne su da shi. A sa takunkumin ƙura mai rufe hanci da baki sosai, a yi aiki inda iska take shiga ta fita. Kada a hure dusa da baki.

Dusa kuma abincin wuta ce. Rumfunanmu na ciyawa da tamfol ne, kuma sun matsu da juna. A share shago kowace yamma. Kada a sha taba a ciki, kada a kawo kaskon gawayi na shayi ko jabana kusa da tarin dusa. Bokitin yashi ya zauna a bakin ƙofa.

Katakon da ake yankawa

An yi wannan injin ne don siririn katako mai shimfiɗe. Bai dace da reshe mai zagaye ba, domin zai mirgina ya ja hannu. Icen bagaruwa, wanda ake ce wa sunuɗ a nan, da icen aduwa da ake sassaƙa allon karatu da shi, suna da tauri. Idan dole ne a yanka su, a rage kauri, a tafi a hankali.

Mutane da yawa suna amfani da katakon da ake ɗora kayan agaji a kai. A bincika shi gaba da baya, a cire kowace ƙusa, domin ƙusa ɗaya ta isa ta karya zarto. A duba hatimin da ke gefensa. Haruffan HT suna nufin da zafi aka kashe ƙwarin cikinsa. Haruffan MB suna nufin da iskar magani mai guba aka yi. Mai MB kada a yi kayan wasan yara ko abin ɗora abinci da shi, kada kuma a sa shi a murhu.

Shekarun yaro

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar aikinmu na kariya. Dokar Yara ta Sudan ta 2010 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki, in ban da ɗan taimakon noma da kiwo marar haɗari. Sudan kuma ta amince a 2003 da yarjejeniya mai lamba 182 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana sa duk wanda bai kai 18 ba aikin da zai cutar da lafiyarsa.

Mun san halin da gidaje suke ciki, kuma ba mu zo don zargin kowa ba. Shawararmu ita ce yaro ya fara da awo, zane, goge katako da zarton hannu. Saurayin da ya kai lokacin koyon inji kada ya kunna shi sai usta yana tsaye kusa da shi. Ƙannen da ake aikowa da abinci su tsaya a bakin ƙofa. Kuma koyon sana'a kada ya raba yaro da makaranta.

Kafin ku miƙa ɗanku, ku je shagon da kanku. Ku tambayi usta cikin mutunci: Wa zai tsaya a kansa? Akwai tabarau da takunkumi? Awa nawa zai yi a rana? Idan ya ji rauni, wa zai kai shi asibiti? Ustan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Idan rauni ya faru

A fara kashe injin. A danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a riƙe minti 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba. Idan jini ya jiƙe tsumman, a ɗora wani a kai. Kada a zuba garin bunnu, toka, ƙasa, dusa, fetur ko baƙin mai. Ba sa warkarwa, ƙazanta suke turawa ciki.

Idan yatsa ya guntule, a naɗe guntun da tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwan sanyi ko ruwa mai ƙanƙara. Kada guntun ya taɓa ƙanƙara kai tsaye. A tafi da shi tare da mai raunin zuwa asibitin Rusairis ko na Damazin ba tare da jinkiri ba. Ko raunin ƙarami ne, a je wurin ma'aikatan lafiya a ranar, a tambayi allurar tetanus, cutar nan mai sa haƙora su sarƙe jiki ya sandare. Idan abu ya shiga ido, kada a murza. A wanke da ruwa mai tsabta. Idan ya kafe a ciki, kada a zare, a rufe idon a hankali a tafi asibiti.

Duk wanda ya san yaro ƙarami da aka sa aikin inji, ko wanda ya ji rauni aka ɓoye, ya zo teburin kariya ko ya sanar da shugaban unguwarsa. Muna jin Hausa da Larabci, kuma maganarku amana ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan takarda, a kuma kai kwafi ɗaya shagon da ɗanku yake koyo.

Allah ya kiyaye hannuwan 'ya'yanmu, ya sa albarka a sana'arsu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.