Daga Sawakin zuwa Dutse: Ƙaramin katin da ke iya tsayar da tafiyar maniyyacin Guri

Idan lokacin aikin Hajji ya gabato, lissafin maniyyaci a Guri ba ya wuce abubuwa kaɗan: cikon kuɗin kujera, fasfo, guzuri, harami, da wanda zai kula da gona da dabbobi har ya dawo. Akwai kuma wani ƙaramin kati mai launin ruwan ɗorawa da akan bari sai ƙarshe, wani lokaci ma a cusa shi cikin fasfo ba tare da an duba abin da aka rubuta a ciki ba.

Amma a filin jirgin saman Jidda ko na Madina, jami'an lafiya na da ikon neman wannan kati kafin mutum ya wuce. Shi ne shaidar cewa an yi wa mai shi allurar rigakafin da Saudiyya ta shardanta. Kuma ba allurar kaɗai ake dubawa ba, har da ranar da aka yi ta. A nan ne sauyin jadawalin jirgi ke iya zama matsala ga wanda ya yi jinkiri.

Ƙaramar Hukumar Guri na cikin ƙananan hukumomi takwas na Masarautar Haɗejiya, a yankin fadamun Haɗejiya da Nguru. Mutanen Kadira da Musari da Abunabo da Adiyani da Margadu sun saba da tafiyar da ruwa ke sauya wa tsari. A ambaliyar 2020 da ta 2022 hanyoyi sun yanke a sassa da dama na masarautar, kwale-kwale ya maye gurbin mota. Ko ba ambaliya, ciyawar kachalla kan toshe mashigin da aka bi bara, dole bana a zagaya. Saboda haka ba sabon abu ba ne a wurinsu a ce hanya ta canza. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a tafiyar ƙasa da ƙasa, sauyin hanya ko na rana na iya sauya sharaɗin shiga.

Lokacin da ake killace alhazai a bakin teku

Kafin zuwan jirgin sama, mutumin ƙasar Haɗejiya da ya yi niyyar Makka gabas yake fuskanta. Yakan bi ta Borno, ya ƙetara Chadi, ya shiga Darfur da Kordofan, yana tsayawa yana noma ko ƙwadago don ya tara abin ci gaba. Tafiyar kan ɗauki shekaru. Wasu ba su ƙarasa ba, wasu sun ƙarasa amma ba su dawo ba, zuriyarsu ce ke zaune a Sudan har yau, a garuruwa irin su Maiwurno da ke bakin Shuɗin Nil, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Wanda ya isa bakin Bahar Maliya kuwa, akwai sauran shinge a gabansa. A tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Sawakin hukumomin Sudan na wancan zamani sun kafa wurin killace alhazai. A nan ake duba lafiyarsu, a yi masu rigakafin agana da kwalara, sannan a bar su su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. In sun dawo ma sai an sake tsare su na wasu kwanaki kafin su shiga gari. Talakawa da dama da ba su da kuɗin jirgi da na takardu sukan kauce wa tashar, su hau ƙananan jiragen katako a ɓoye, su sauka a wani lungu na gaɓar Hijaz, da duk haɗarin da ke cikin hakan.

Asalin wannan tsari annoba ce. A Hajjin 1865 kwalara ta kashe dubban alhazai, jiragen ruwan da suka kwaso sauran suka kai ta Masar, daga nan ta tsallaka Turai. A shekarar da ta biyo baya ƙasashe suka yi taro a Istanbul kan yadda za a tare ta. Daga baya aka kafa wuraren killacewa a tsibirin Kamaran da ke kudancin Bahar Maliya da kuma El Tor a yankin Sina'i. Jirgin da aka samu mai cuta a cikinsa sai an killace mutanensa kafin a bar su su shiga Jidda.

A ƙarshen shekarun 1940 wasu attajiran Kano, ciki har da Alhaji Mahmud Ɗantata, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA, wadda sunanta ya bi wata unguwa a Fagge har yau. Motoci suka rage tsawon tafiyar, jiragen sama suka zo suka mayar da ita ta sa'o'i. Killacewar bakin teku ta zama tarihi, amma tambayar da ake yi wa matafiyi ba ta canza ba: me ka ɗauko a jikinka, kuma mece ce shaidarka?

Allurai uku da kwanakinsu

A yau cututtuka uku ne ke kan gaba a sharuɗɗan da Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ke fitarwa ga masu zuwa daga Najeriya.

Ta farko ita ce sanƙarau. Ana buƙatar allurar da ke kare mutum daga nau'o'i huɗu na ƙwayar cutar, wato A da C da W da Y, kuma a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa Saudiyya. Akwai samfurin da shaidarsa ke aiki shekara uku, akwai mai shekara biyar. Wannan sharaɗi ya samo asali ne daga ɓarkewar cutar a Hajjin 1987, sannan aka ƙara tsaurara shi bayan nau'in W ya bazu tsakanin alhazai a 2000 da 2001, suka koma da shi ƙasashensu.

Ta biyu ita ce zazzaɓin shawara, wanda sauro ke yaɗawa. Najeriya na cikin ƙasashen da ake samun cutar, don haka dole matafiyi ya nuna shaida. Ita ma shaidar ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Da can shekara goma take yi, amma tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da ita ta har abada: allura ɗaya ta wadatar. A 2019 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta sauya tsohon katin da sabo mai lambar da ake tantancewa da na'ura, saboda yawaitar jabu.

Ta uku ita ce shan-inna. Dattijo mai shekara sittin kan yi mamaki in aka ce ya buɗe baki a ɗiga masa maganin da ya san na jikokinsa ne. Dalilin shi ne babba na iya ɗauke da ƙwayar cutar a cikinsa ba tare da ta nakasa shi ba, ya kai ta inda yara suke. Akan so a karɓi wannan rigakafi aƙalla mako huɗu kafin tafiya.

Ba don wahalar da kowa aka sa waɗannan kwanaki ba. Jiki na buƙatar lokaci kafin ya gina garkuwa. Wanda aka yi wa allura yau ya hau jirgi jibi, yana da kati amma bai da kariya tukuna.

Darasin 1996

Manya a Jigawa da Kano ba su manta da bazarar 1996 ba. A shekarar sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000, mafi yawansu a Arewa. Saudiyya ta rufe ƙofa ga maniyyatan Najeriya. Mutanen da suka sayar da shanu da amfanin gona, aka yi masu rakiya da addu'a, suka kwance kaya suka koma gida.

A cikin wannan annoba ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, lamarin da ya kai ga doguwar shari'a da aka sasanta a 2009. Tabon abin ya daɗe a zukatan jama'a, kuma yana cikin abubuwan da suka ƙara wa jita-jita ƙarfi lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. Kafin a farga ƙwayar cutar ta fita daga Najeriya ta isa ƙasashe da dama, har Yaman da Indonesiya a 2005. Daga nan Saudiyya ta ƙara sa ido kan shan-inna a jikin masu shigowa. Sai a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar, bayan an ga ta ƙarshe a Borno a 2016. Duk da haka akwai wani nau'inta da ke ci gaba da ɓullowa a Arewa, shi ya sa sharaɗin bai tashi ba.

Sanƙarau ma bai tafi ba. A kakar 2022 zuwa 2023 Jigawa ce jihar da ta fi kowace yawan waɗanda ake zargin sun kamu a faɗin ƙasar nan. A watan Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'o'i biyar, kuma Jigawa da Yobe da Bauchi ne aka fara da su.

Akwai wani abin lura. Aikin Hajji na matsowa da kwana 10 ko 11 a kowace shekara. A 2015 da 2016 a watan Satumba aka yi Arfa, lokacin da fadamun Guri ke cike da ruwa, damuwar maniyyaci ita ce yadda zai fita zuwa Haɗejiya. A 2025 kuwa ranar 5 ga Yuni aka yi ta. Ma'ana bita da taruwa a sansanin alhazai sun faɗo cikin tsakiyar bazara, lokacin zafi da ƙura da sanƙarau ya fi yaɗuwa, kuma haka za a ci gaba na shekaru masu zuwa. Allurar da ake yi don Makka ta zama kariya tun daga gida.

Idan jadawali ya sauya

Duk wanda ya taɓa raka alhaji filin jirgin Dutse ya san ranar tashi ba ta da tabbas sai an ga jirgi a ƙasa. Akan ɗage, akan kuma matso da ita. Akan cire sunan wanda bizarsa ba ta fito ba a sa na wani da ke jirgin baya. Mutumin da ke zaton yana da mako uku sai a kira shi a waya a ce ya zo gobe. Idan shekaranjiya ya yi allura, kwana gomansa ba su cika ba.

Wani lokaci sauyin ya fi ƙarfin hukumar alhazai ta jiha da ta ƙasa, NAHCON. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe sararin samaniyar ƙasar ana gab da fara jigila, jiragen Najeriya suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru. Ƙasar da kakanni suka ratsa da ƙafa, jikoki suka kasa ratsa ta ta sama. Kafin nan korona ta hana baƙi zuwa Hajji a 2020 da 2021, da aka buɗe a 2022 kuma sai da shaidar rigakafinta, kuma ba a karɓi wanda ya haura shekara 65 ba.

Sauyin wurin sauka ma na da nasa hukunci. Wanda zai fara da Madina sai ya gama ziyara zai ɗauki harami a Zul Hulaifa. Wanda aka ce daga Jidda Makka zai wuce kai tsaye, dole haraminsa ya kasance a jakar hannu, ya yi niyya kafin jirgi ya ƙetare miƙati. Malaman bita kan nanata wannan, amma wanda bai ji an sauya tsari ba yakan tarar haraminsa na cikin babbar jaka a ƙarƙashin jirgi.

Wannan doka ba ta alhazai kaɗai ba ce. Manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido da ke zagaya tashoshin duniya suna ƙarƙashinta. Idan guguwa ko rikici ya sa jirgi ya yada zango a ƙasar da ake samun zazzaɓin shawara, tashar gaba na iya hana duk fasinjan da ba shi da shaida sauka, ko da can farko ba a nemi katin a wurinsa ba. A jirgin sama ma, wasu ƙasashe na lissafa tsayawar da ta wuce sa'a 12 a filin jirgin irin wannan ƙasa tamkar an shiga cikinta. A watan Fabrairun 2020 duniya ta ga yadda aka tsare jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum sama da 3,700 a ciki, fiye da 700 suka kamu da korona. Abin da aka yi wa alhazai a Kamaran ne ya dawo a sabuwar riga.

Abin da ya rage ga maniyyaci

Jami'an lafiya da malaman bita sun haɗu a kan shawara ɗaya: a yi allura da zarar an sanar da fara ta, kada a jira sai sunan mutum ya fito a jerin jirgi. A duba cewa sunan da ke kan kati ya yi daidai da na fasfo, an rubuta rana, an buga hatimi. A ajiye katin tare da fasfo a jakar hannu. Mai juna biyu, da mai wata cuta da ke raunana garkuwar jiki, da dattijon da bai taɓa yin allurar shawara ba, su gaya wa likita gaskiya kafin a yi masu, domin ba kowa ta dace da shi ba.

Babban haɗari shi ne katin da aka saya ba tare da allura ba. Yana iya wucewa a idon jami'in da aiki ya yi wa yawa, amma ba ya wucewa a tantin Mina, inda mutane ke kwana kafaɗa da kafaɗa, numfashin wannan na shiga hancin wancan. Kuma mai ɗauke da ƙwayar sanƙarau a maƙogwaro ba lallai ya ji komai ba. Zai dawo lafiya, a tare shi da murna, a cika zaure ana karɓar dabino da zamzam, jikoki na hawa cinyarsa.

Kakannin mutanen Guri sun yi kwanaki a killace a Sawakin, suna kallon tekun da ya raba su da Jidda, suka yi haƙuri. Abin da ake nema a wurin jikokinsu bai kai haka ba: su miƙa hannu a yi masu allura, su ƙirga kwana goma.