Tara Littattafan Ban Tsoro: Daga Amurka Zuwa Ƙaraye da Rogo

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da suka mai da tara littattafan ban tsoro abin sha'awarsu, watau labarun fatalwa da dodanni da matattu masu tashi. Ba kowane bugu suke nema ba, sai wanda wata ƙaramar maɗaba'a ta buga kaɗan, a kan takarda mai kauri, wani lokaci ma da lamba a jikin kowane kwafi da sa hannun mawallafi. Alal misali, cikin 1939 August Derleth da Donald Wandrei suka kafa kamfanin Arkham House a jihar Wisconsin, don su ceto labarun H. P. Lovecraft wanda ya rasu cikin 1937. Littafinsu na farko kwafi 1,268 kurum aka buga, kuma sai da ya yi shekaru kafin ya ƙare. Yau kuwa sai mai hannu da shuni ke iya sayensa.

Labarin ban tsoro ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Dodo da mayu da aljanu sun cika tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara aka buga a Belfast cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. A shekarun 1950 kuma aka sami ƙagaggun labarai irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, inda jarumi ke karawa da abubuwan al'ajabi. Amma waɗannan hukuma ce ta tsaya musu a Zariya. Abin da ya fi kusa da ƙananan maɗaba'un can shi ne ɗab'in da ya ɓarke a Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da marubuci ke kai rubutunsa wurin mai injin bugu, ya biya daga aljihunsa, a buga masa gwargwadon ƙarfinsa. Ko da yake soyayya ce ta fi yawa, akwai labarun matsafa da aljanu da yaƙin dodanni a ciki.

A nan ne bambancin yake. Ƙarancin littafi a Amurka shirya shi ake yi, a nan kuwa rashin jari ne ke haifar da shi, sa'an nan wahala ta ƙarasa sauran. Littafin da ya baro Kano ya iso Ƙaraye ko Rogo, a yammacin jihar, ba ya zama a hannu ɗaya. Haya ake ba da shi, ko aro, ya bi gida gida har bangon ya rabu da shi. Takardar ba ta da ƙwari. Gara da ɗanshin damina na jiranta, abin da ya tsira kuma mai ƙosai ta ƙunsa kayanta da shi. Da yake labari ɗaya akan raba shi kashi uku ko huɗu, sau da yawa mai nema zai sami na biyu, na ɗaya kuwa ya bi ruwa. Bugu da ƙari, da yawansu ba su ɗauke da shekarar bugu, abin da ke ba mai nazarin tarihin adabi ciwon kai ƙwarai.

Abin kunya ne a ce ɗaya daga cikin manyan tarin waɗannan littattafai yana London, inda Graham Furniss ya adana su, har shi da Malami Buba da William Burgess suka fitar da jerin sunayensu cikin 2004. A gida kuwa, cikin 2007 an ƙona wasu littattafan Hausa a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Daga baya karatu ya koma cikin wayar hannu, masu bugu suka ja baya.

Saboda haka ɗalibin da ya je hutu Ƙaraye ko Rogo, ya kamata ya leƙa akwatunan yayyensa da iyayensa mata. Duk kwafin da ya samu, ya rubuta sunan maɗaba'ar, da kuɗin da ke bayan bango, da shekarar da mai shi ke tunawa ta saya, kafin ya kawo wa ɗakin karatun sashe.